Amsa ga ƙanwarmu ta Agege: mai sikila da asibitocin Ingila

Ƙanwarmu, kin ce kin samu gurbin karatu a Ingila, kina da sikila, kuma kin ji ana cewa baƙar fata ba ya samun kulawa a asibitocin can. Akwai gaskiya a ciki. Ba wanda zai kore ki a ƙofa, wariyar tana cikin rashin saurare ne. Mai sikila zai zo yana murƙususu, a ɗauke shi mai neman ƙwaya. A 2019 wani matashi mai sikila, Evan Nathan Smith, ya kira 999, lambar neman agajin gaggawa, daga kan gadonsa a wani asibitin Landan don an hana shi iskar oksijin, daga baya ya rasu.

Don haka tun daga Legas za ki fara shiri. Ki je wurin likitan jininki, a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba ne, ko wani wuri, ya rubuta miki cikakken rahoto da Turanci: nau'in jininki, magungunan da kike sha da awonsu, sau nawa aka ƙara miki jini. Takarda tana yi wa mara lafiya magana ranar da bakinsa ya kasa. Gwajin tarin fuka na biza kuwa ana yin sa a cibiyar IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, da ke Ikeja, wata 6 takardarsa ke aiki.

Ɗalibi yana biyan fam 776 a shekara kuɗin lafiya tare da biza, saboda haka kulawar NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, haƙƙinki ce. A makon farko ki yi rajista da GP, wato likitan unguwa da ake fara gani, kyauta ne, ki nemi ya tura ki sashen jini su rubuta miki tsarin kulawa.

Idan ciwo ya tashi, ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ita ce a ba ki maganin kashe zafi cikin minti 30 da isarki. Ki faɗi haka da bakinki, kada kunya ta hana ki. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa takan nuna oksijin ya fi yadda yake idan fata baƙa ce. In numfashi na yi miki wuya alhali ta ce lafiya, ki nemi a gwada ta jini. In an yi biris da ke, ofishin PALS na asibitin ke karɓar koken marasa lafiya, ki riƙe sunan ma'aikacin da lokacin da abin ya faru.

Sai gida. Ɗakin haya mai araha sau da yawa yana da sanyi da danshi, sanyi kuwa yana tayar da sikila. Ki duba bango da na'urar ɗumama ɗaki kafin ki sa hannu.

Allah Ya ba da sa'a, Ya ƙara lafiya.