Amsoshin Tambayoyinku: Honda Prelude da bel ɗin jabu

Wani matashi ya rubuto: "Abokaina sun ce motar da ke ja da tayoyin gaba ba motar gudu ba ce. In fasa sayen Prelude?"

Ƙanena, abokan naka ne za su biya kuɗin? Kamfanin Honda na Japan ya ƙera Prelude daga 1978 zuwa 2001, samfuri biyar na farko ke nan, duk masu jan gaba. Gaskiyar da ke cikin maganarsu ɗaya ce: tayoyin gaba ne ke ja, su ne kuma ke juya mota, don haka in ka shiga kwana da wuta sai hancinta ya nemi zarcewa. Honda ta san da haka. A 1987 ta sa tayoyin baya su ma suna juyawa: in ka ɗan murza sitiyari su bi na gaba, in ka murza sosai su juya akasin haka. A samfurin 1996 ta ƙara na'urar ATTS mai tura ƙarfin inji ga tayar da ke wajen kwana. Ka saya in ka samu mai lafiya, amma ka nemi mai giyar hannu, domin otomatik ɗin samfuri na biyar ta yi suna wajen lalacewa.

Wani kuma: "Za ta ɗauki iyalina, mu shida?"

Malam, ƙofa biyu gare ta. A'a.

Sai wata baiwar Allah da ta gaji Prelude mai injin H22A daga yayanta. Ba ta san yaushe aka canza bel ɗin taimin ba, ga shi an kawo mata wani a rabin kuɗi, ta ce hankalinta ya ƙi kwanciya.

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan yayanki. Kwantar da hankalinki, kin yi tambaya a kan kari. Ajiye motar, kada ki tayar da ita sai an canza bel, wannan mai arahar kuma ki mayar wa mai shi.

Bel ɗin nan shi ke daidaita motsin fistin da bawul. A H22A, wurin da bawul ke saukowa nan fistin ke hawowa, lokaci kaɗai ya raba su. Bel na tsinkewa sai su yi karo, bawul su lanƙwashe, gyaran yini ɗaya ya koma sauke inji. Ga shi bangon silindarsa ba irin wanda kowane mai borin inji ke iya taɓawa ba ne, wani haɗi ne na musamman da ake kira FRM.

Abin da ke ba ni haushi, mutum zai zuba kuɗi a kan fenti da salansa mai ƙara, amma a zo kan bel sai ya fara ciniki. Araha ba ta ado! Masu jabu sun iya buga kwali da tambari, har ya fi na ainihi ƙyalli. Ki duba rubutun jikin robar: na jabu yakan goge da ɗan yatsa, haƙoransa kuma ba su cika daidaituwa ba. Ko hakan ma ba tabbas ba ne. Ki saya wurin dillalin da zai ba ki rasit, ki sa bakanike ya canza tenshina, wato abin da ke ɗame bel ɗin, da famfon ruwa a lokaci guda, tunda buɗewa ɗaya ce. Ki kuma ce ya ajiye miki tsofaffin ki gani da idonki.