Bakap ɗin shagona na jiya ne ko na bara?

TAMBAYA: Salam Malam. Ina da shagon magani, duk cinikinmu da lissafin kaya a kwamfuta suke, yaron da ya sa mana manhajar ya ce MySQL ce kuma kullum ƙarfe 2 na dare tana yin bakap (ajiye kwafin bayananmu) da kanta, to yanzu ya tafi bautar ƙasa wayarsa ma ba ta shiga. Ya zan gane abin nan yana yi?
Wata mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya. Ni ƙarfe 2 ɗin nan ne ma ya fara tsaya min a rai, wai a lokacin kwamfutar a kunne take? In tun tara kuke kashe janareta ku ja ƙofa to ba abin da ake yi, sai a dawo da lokacin kafin ku tashi.

Ki buɗe foldar da bakap ke sauka ki duba kwanan watan fayil na ƙarshe da girmansa. In kin ga 0 KB, ko ya fi na makon jiya ƙanƙanta sosai alhali ciniki ƙaruwa yake, akwai matsala. In da mysqldump (manhajar da ke fitar da bakap ɗin MySQL) aka yi shi, buɗe shi da Notepad ki gangara can ƙasa, layin ƙarshe zai ce "Dump completed on" da rana da lokaci. Babu layin, to wataƙila a hanya ya yanke, ko an ɗauke wuta ko disk ya cika.

Amma duk wannan leƙe ne kawai, ni ban yarda da bakap ba sai an zuba shi an gani. Ki samu wanda ya iya ya loda shi a WATA kwamfutar, don Allah ba ta shago ba kar ya danne na yau, sai ki nemo rasit ɗin ƙarshe da kuka yanka jiya da daddare, lambarsa da kuɗinsa. Yana ciki shikenan. In kuma na watan azumi ne ƙarshe kin san inda aka tsaya.

Manya ma abin ya ci su fa. A 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab ya goge rumbun bayanansu bisa kuskure, da aka je ɗauko bakap ashe pg_dump, abin da ke musu bakap ɗin, ya daɗe ba ya aiki saboda sigarsa tsohuwa ce ba ta dace da ta rumbun ba, imel ɗin gargaɗin ma ba ya isowa, sai da suka yi asarar bayanan kusan awa 6.

Gwajin nan ko sau ɗaya a wata ne a yi, sannan ki riƙa kwafar fayil ɗin a filasha ki tafi da shi gida.