Hoto ɗaya kullum har wata guda: wane lens zan ɗaura wa kyamarata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Kano ne, ina tsaron shago a Kantin Kwari. Ni da abokaina mun yi alkawarin kowa zai riƙa ɗaukar hoto ɗaya kullum daga 1 ga Disamba har ƙarshen wata, ba fashi. Ina da Nikon D3500 da lens ɗin da ta zo da shi, 18-55mm, da wani dogo 70-300mm. Wani ya yi mini tallar lens 50mm f/1.8 na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, ya ce shi ƙwararru ke aiki da shi. In saya, ko in riƙa yawo da biyun da nake da su? Ko kuwa wayata ma ta wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu taɓa maganar saye, ka hango ranar 19 ga wata. Ka rufe shago a gajiye, an kusa kiran magariba, sanyi ya fara sauka, kuma tun safe ba ka ɗauki komai ba. Makon farko kowa yana da ɗoki, ko buhun kaya ka ba shi zai saɓa. Wannan ranar ta 19 ita ya kamata ka yi wa zaɓi. Abin da zai kasance rataye a wuyanka a lokacin shi ne kayan aikinka, wanda ka baro a gida don nauyi kuwa ba ya cikin lissafi.

Kyamararka ta isa, kada wani ya ruɗe ka. Megafiksel 24 gare ta, nauyinta da batir bai wuce giram 415 ba, kuma Nikon ta ƙiyasta cewa caji ɗaya yana ɗaukar hoto 1,550. Raba shi gida 31, hoto 50 ke nan a kullum. Lissafin takarda ne dai, don yawan leƙa allo yana shan batir. Ka riƙa caji duk Juma'a ka huta da fargabar ɗaukewar wuta.

Wanda ya ce maka ƙwararru suna son 50mm bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba. Henri Cartier-Bresson, mutumin Faransa da ya yi suna a hoton titi, yawancin aikinsa da kyamarar Leica da lens 50mm ya yi shi, amma a kan fim mai faɗin 36mm da tsayin 24mm. Sensar D3500, wato ɗan faifan da ke kama hoto a madadin fim, ba ta kai haka girma ba, tsakiyar abin da lens ya gani kawai take kamawa. Don haka duk lambar da ke jikin lens sai ka ninka ta sau ɗaya da rabi. 50mm a kyamararka zai yi aikin 75mm, wato abu zai ƙara matsowa, filin da hoton ke ɗauka ya ragu. Yana fitar da fuskar mutum da kyau ƙwarai, amma ka shiga da shi layukan Kwari ko lungunan Kurmi ka ce za ka haɗa mai kaya da kayansa a hoto ɗaya: za ka yi ta ja da baya har bayanka ya daki rumfar wani, kuma hoton bai cika ba. A ɗakinka ma haka. Abin da zai ba ka irin ganin da mutumin Faransan yake samu shi ne 35mm, wanda a wurinka zai zama kamar 52mm.

Akwai kuma tarko a cinikin na hannu. Nikon tana da 50mm f/1.8 iri biyu da suka cika kasuwa, mai harafin D da mai harafin G. D3500 ba ta da motar saita fokas a jikinta, ta dogara ne da wadda ke cikin lens. Mai D ba shi da ita. Zai hau, zai ɗauki hoto, amma kowane hoto da hannu za ka murza har ya fito ras. In ba ka ga AF-S ko AF-P a jikin lens ba, mayar masa da abinsa.

Ga gwajin da ba zai ci maka ko kwabo ba, kuma ka yi shi kafin Disamba ta kama. Murza 18-55 ɗinka zuwa 35, ka liƙe zoben da salatif, ka yi kwana uku a haka. Sai ka mayar da shi 50, kwana uku. Sannan 24, kwana uku. A wanne ka fi yawan ja da baya, a wanne ka fi yawan matsawa gaba? Wanda ƙafarka ta fi zama wuri ɗaya a kansa, shi ne idonka. Na ga waɗanda suka gama wannan gwaji suka fasa sayen komai, suka ƙare watan da salatif ɗinsu, kuma hotunansu ba su gaza na kowa ba. Amfanin tsayawa a lamba ɗaya shi ne, bayan kwana goma ko makamancin haka, tun kafin ka ɗaga kyamara ka san inda hoton zai fara da inda zai ƙare. Mai zum, wato lens mai jawo abu kusa ko nesa kamar 18-55, kuwa yakan tsaya inda yake ya yi ta murzawa, har abin ya wuce.

To me kuɗinka zai sayo in ka sayi AF-S DX 35mm f/1.8G? Haske. A Disamba rana tana faɗuwa a Kano wajen ƙarfe shida, kuma duhu ba ya jira. Kai kuma lokacin ne kake samun kanka. Lens ɗinka na yanzu in ka kai shi 55 buɗewarsa f/5.6 ce, f/1.8 kuwa tana shigar da kusan ninki goma na wannan hasken. Bambancin ke nan tsakanin mai shayi da ya fito da tururin butarsa ƙarƙashin ƙwan fitila ɗaya, da wani abu dishi-dishi da sai ka yi wa abokanka bayaninsa. Kada VR ɗin da ke jikin 18-55 ya yaudare ka, rawar hannunka yake gyarawa, ba ya tsayar da hannun mai juya tsire. Nauyin 35mm ɗin giram 200 ne, kuma yana iya matsawa kusa da abu har santimita 30, abin da zai cece ka ranar da ba ka fita ba sai goro da carbin da ke kan tabarma. In ka samu, ka fi zama a f/2.8, ka bar f/1.8 sai duhu ya matsa. Saurin shota, wato ƙiftawar kyamara, kada ya gaza 1/125 na daƙiƙa in akwai mutum a hoton, ISO kuma, wato ƙarfin jin haske na sensa, ka bar wa kyamara ta zaɓa har 3200.

Dogon 70-300 ya zauna a gida, kuma ba don nauyi kaɗai ba. Watan da kuka zaɓa tsakiyar hunturu ne, D3500 kuma ba ta da na'urar da ke kakkaɓe ƙura daga sensa. Duk cire lens da ka yi a waje ƙofa ka buɗe wa ƙura. Ni na taɓa canja lens a fili ana iska, na dawo da hotuna kusan ɗari biyu, kowanne da ɗigo uku a sararin samaniya, a wuri ɗaya. Ɗaura lens ɗaya a cikin ɗaki, kada ka sake cire shi sai Janairu. Ka sa masa filta ta kariya, 35mm ɗin filta mai faɗin 52mm yake ɗauka, ka nemi ɗan famfon roba na hura iska. Ban da hurawa da baki, ban da gogewa da gefen riga, ƙurar hunturu tana karce gilashi. In kana zargin ta riga ta shiga, ɗauki farin bango a f/16, za ta nuna kanta.

Hazon kansa kada ka ɗauke shi abokin gaba. Yana tausasa hasken rana, inuwar fuska ta ragu, rana ta zama kamar faifai. Hau Dutsen Dala da safe ka ga yadda gari ke narkewa layi bayan layi.

Ƙaramin lens yana da wata fa'ida a wurinmu. Mutum in ya ga an auno shi da dogon lens daga nesa, ransa yakan ɓaci, kuma da gaskiyarsa. Da 35mm dole ka matso, ka yi sallama, ka nemi izini, musamman in mata ne ko yaran mutane. Wuraren jami'an tsaro kuwa ko ɗaga kyamara kada ka yi.

Wayarka ka riƙe ta a matsayin ko-ta-kwana. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana gani kamar 24 zuwa 26mm, da rana tana abin kirki, da dare takan shafe fatar mutum ta zama kamar roba. Ku yi yarjejeniya da abokanka tun yanzu kan kwana nawa aka yarda waya ta rufa wa mutum asiri. Sannan D3500 ba ta da Wi-Fi, Bluetooth kawai gare ta, kuma manhajar SnapBridge ƙaramin hoto mai megafiksel 2 take turowa waya. Ya isa a tura wa abokai a WhatsApp da dare. In kana son cikakken hoton don gyara ko wankewa, sayi ɗan abin karanta memori da ake soka wa waya.