Amsar tambayarka a kan sunan Maybach

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa ake ganin sunan Maybach a jikin wasu manyan motocin Mercedes, da kuma ko gaskiya ne cewa kamfanin da ke da wannan suna injin jirgin sama ya fara ƙerawa kafin ya taɓa mota. Gaskiya ne, kuma tarihin ya shafe ka fiye da yadda kake zato, domin kafureta da lagireton da kake kwancewa a gareji duk suna ɗauke da aikin hannun mai wannan suna.

An haifi Wilhelm Maybach a garin Heilbronn na ƙasar Jamus a shekarar 1846, ya kuma tashi maraya a wani gidan renon marayu da ke Reutlingen, inda injiniya Gottlieb Daimler ya lura da basirarsa wajen zanen inji ya jawo shi jikinsa. Tare suka yi aiki a kamfanin Deutz, tare kuma suka bar shi a 1882 suka buɗe ɗan wurin aikinsu a Cannstatt. A 1893 Maybach ya ƙirƙiro kafureta mai fesa mai. Ka san yadda take: ƙaramin kwano yana riƙe fetur daidai gwargwado, sannan idan fistin ya sauka ya zuƙo iska, ita iskar ce ke jan fetur ta siririyar kafa, ya tarwatse ya gauraya da ita kafin ya shiga silinda. A kan wannan dabara injunan fetur suka dogara shekaru da yawa, har zuwa lokacin da injekta ta karɓi aikin.

Matsala ta biyu ita ce zafi. Motocin farko ruwa mai yawa suke ɗauka, duk da haka suna tafasa a hanya. A motar Mercedes ta farko, mai ƙarfin doki 35, wadda ta yi suna a tseren 1901, Maybach ya haɗa ƙananan bututu fiye da 8,000 masu kusurwa huɗu, aka jera su kamar saƙar zuma, iska tana ratsa cikinsu ruwa kuma yana bin tsakaninsu. Da haka aka sami fili mai faɗi na sanyaya ruwa a ɗan ƙaramin wuri, ruwan da ake buƙata ya ragu ƙwarai.

Daimler ya rasu a 1900, zaman Maybach da masu kamfanin Daimler, wanda ya ƙera waccan Mercedes, bai ƙara yin daɗi ba, ya bar su a 1907. A watan Agusta na 1908 wani jirgin Zeppelin, wato irin ƙaton jirgin nan mai tashi da iskar haidirojin, ya sauka dole a Echterdingen saboda injinsa ya ba da matsala, sai guguwa ta tsinke shi daga inda aka ɗaure shi ya kama da wuta. Maybach ya ga cewa abin da jirgin ya rasa shi ne injin da zai yi awoyi yana aiki ba tare da ya gaza ba. A 1909 aka kafa kamfanin ƙera irin wannan inji a Bissingen, ɗansa Karl ya zama jagoran sashen ƙira, daga baya aka mayar da kamfanin Friedrichshafen a 1912.

A nan nake so ka natsu, domin a nan darasin aikinmu yake. Inji ba da mai kaɗai yake rayuwa ba, da iska yake ƙona man. Duk yadda jirgi ya ƙara yin sama, iska tana ƙara yin shara-shara, abin da fistin ke zuƙowa yana raguwa, ƙarfin inji ya faɗi, man kuma ya yi wa iskar yawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Karl Maybach ya magance wannan a injinsa mai silinda shida da ake kira Mb IVa ta hanyar ƙara girman silinda da ƙara matsin da fistin ke yi wa cakuɗen mai da iska. Sharaɗinsa shi ne matuƙi ba zai buɗe totur gaba ɗaya ba yana kusa da ƙasa, don matsin zai yi yawa ya lahanta injin, sai ya yi nisa a sama sannan ya sake masa. A kan dutsen Wendelstein suka kai shi gwaji don ya sha irin iskar da zai yi aiki da ita. Shi ya sa idan aka kawo maka tsohuwar mota mai kafureta da aka saita a Legas, mai ita yana kukan ta yi nauyi tana baƙin hayaƙi tun da ya hau tudun Jos, kada ka yi saurin zargin fulogi, ka fara duba daidaiton mai da iska.

Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta hana Jamus ƙera jiragen yaƙi, kasuwar kamfanin ta rushe, dole ya koma ga mota. Ya nuna motarsa ta farko ta sayarwa, W3, a baje kolin Balin na 1921, mai silinda shida da birki a ƙafafu huɗu, abin da ba a saba gani ba a motocin Jamus na lokacin. A 1929, shekarar da Wilhelm ya rasu, suka fito da mai silinda 12, kuma a wannan shekarar jirgin Graf Zeppelin ya kewaya duniya da injunansu guda biyar. Motocin na attajirai ne, duk abin da suka ƙera zuwa 1941 bai wuce kimanin 1,800 ba. A ganina ba su taɓa zama kamfanin mota na sosai ba, maƙeran inji ne, kuma injin dizal na jirgin ƙasa da injin tankokin yaƙin sojojin Hitler ne suka fi cika masana'antarsu.

Daimler-Benz, mai ƙera motocin Mercedes, ya sayi kamfanin Maybach a 1960, masana'antar Friedrichshafen ta zama MTU, tana ƙera manyan injunan jiragen ruwa da na janareta har yau. Sunan da ka gani a jikin mota kuwa an farfaɗo da shi ne a 2002, cinikin bai yi kyau ba aka dakatar, sannan tun 2014 Mercedes yake liƙa shi a kan mafi tsadar motocinsa. Idan irinta ta shigo gareji, injin Mercedes ne a ciki, kuma da na'urar kwamfuta za ka fara bincikenta kafin ka ɗauki sifana.