Rediyo ya shanye maka batir? Kada ka yarda a zare batir mota na aiki

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da safe don in amsa a natse, saboda abin da ya same ka ni ma ya taɓa samuna, kuma tawa asarar ba a kan batir ta tsaya ba. Ka ce Corolla ce gare ka, kwanan nan aka sa maka rediyo mai allo da ufa, wato babbar lasifikar nan mai gurnani, a but. Ka kai iyali gidan biki, ka zauna a mota kana sauraro kusan awa 2 inji a kashe, da aka fito ka murza makulli sai ƙat-ƙat-ƙat. Wani bawan Allah ya ciro batirin motarsa ya ɗaura maka, aka tayar, sannan aka zare nasa inji na aiki aka mayar da naka. Kana so ka san ko rediyo ne ke kashe batir, kuma ko wannan hanyar tayarwar daidai ce.

Da ta biyun zan fara, don ita ta fi tayar mini da hankali. Allah ya saka wa wanda ya taimake ka da alheri, niyyarsa mai kyau ce, amma don Allah kada ka sake yarda a yi maka haka.

Ni Honda Accord ta 2004 nake hawa a lokacin, wadda ake ce wa EOD. Cikin azumi ne, na tsaya jiran wani aboki a kasuwa, na kunna tafsiri a rediyo, fanka na kaɗawa saboda zafi, makulli a kan ON. Da la'asar sakaliya mota ta ƙi tashi. Wani mai wayarin da ke kusa ya zo da batirinsa a kafaɗa da sifana mai lamba 10, ya yi daidai yadda aka yi maka. A tsaye nake a bakin ƙofa ina kallon dashbod lokacin da ya ɗaga kan batir. Da idona na ga fitilun sun yi wani irin haske wal, inji ya yi kamar zai mutu, sannan ya dawo. Na ba shi hakkinsa, na yi godiya, na tafi shan ruwa. Kwana 2 a tsakani jar fitilar batir ta kama, ta ƙi ɗaukewa. Da aka kwance altaneta sai aka tarar diyod ɗinta sun ƙone. Wanda ya gyara mini ya ce in gode wa Allah da abin bai kai ga ƙwaƙwalwar motar ba, wadda makanikai ke kira birenbos.

Dalilin shi ne batir ba tayar da mota kaɗai yake yi ba. Idan inji na aiki, altaneta ce ke samar da wuta, kimanin bolt 14, batir kuma shi ne randar da ke karɓar duk rarar da ta taso don wutar ta tafi daidai. Ka zare shi farat ɗaya altaneta na tsaka da caji, wutar ta rasa inda za ta zuba, sai ta yi tsalle ta ninka 14 ɗin nan cikin ƙiftawar ido. Duk abin da ke jone a lokacin sai ya sha wannan dukan: ƙwaƙwalwa, dashbod, sabon rediyonka, har ita altanetar. Wani lokaci a tsira, shi ya sa mutane ke cewa ai kullum haka muke yi. Al'adar daga zamanin Peugeot 504 ta samo asali, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, mota mai kafireta da babu kwamfuta ko ɗaya a cikinta. Motar yanzu ba ita ba ce. Haka nan idan makaniki ya ce zai cire kan batir mota na aiki don ya gwada ko altaneta na caji, ka ce masa a'a, ya ɗauko mita. Cikin minti ɗaya mita za ta faɗa masa abin da yake nema ba tare da an jefa motarka cikin haɗari ba.

To, rediyo fa? Rediyon da mota ke zuwa da shi daga kamfani ba ya cin wutar a zo a gani. A matsakaiciyar murya abin da yake ja bai fi 'yan amfiya ba, mu ce 3. Batirin da aka fi sa wa irin motarka a nan mai lamba 62 ne ko 75, lambar da ke nuna yawan wutar da yake ɗauka, wato amfiya sau awa. Amfiya 3 na awa 2 ya kama 6 ke nan daga cikin 62, wajen kashi ɗaya cikin goma. Lafiyayyen batir ba zai ko girgiza ba. Amma kai ka ƙara ufa da amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, kuma a nan lissafi ya canza. Amfilifayar da ke fitar da wat 300 a kan bolt 12 tana jan amfiya 25 idan aka ƙure ta, ban da wadda ke tafiya a zafi. Ko a ce 15 take ja a tsaka-tsaki, cikin awa 2 ta kwashe kusan rabin batir. Kik kuwa, wato na'urar da ke tayar da mota in ka murza makulli, idan zai juya inji yana son amfiya 100 zuwa 200 a lokaci guda, wani lokaci fiye. Shi ya sa za ka ga rediyo na magana, fitilar ciki na ci, amma inji ya ƙi juyawa. Ƙat-ƙat ɗin da ka ji kik ne ke ƙoƙarin kamawa wuta na gaza masa.

Ka kuma tuna inda makullinka yake a ranar. Idan a kan ACC ne, rediyo da caja kawai ke shan wuta. Idan ka matsa shi zuwa ON don gilas ya sauka ko fanka ta yi, to ƙwaƙwalwa da dashbod da sauran kaya duk sun farka suna ci, kuma fankar AC kaɗai idan aka ƙure ta ta fi rediyo ci nesa ba kusa ba. Kuskuren da na yi ke nan a ranar tafsirin. Masu motar dannawa, dannawa ɗaya ba tare da taka birki ba shi ne ACC, biyu shi ne ON. Ni yanzu idan zan yi dogon zama, in dai akwai ufa a kunne, ba na wuce minti 20 zuwa 30 ban tayar da inji ba, ko kuma in rage murya in kashe amfilifayar gaba ɗaya.

Akwai abin da nake zargi a motarka fiye da zaman gidan bikin, wato yadda aka jona sabon rediyon. Rediyon kasuwa yana zuwa da wayoyin wuta biyu. Ruwan ɗorawa ita ke tafiya batir kai tsaye don riƙe agogo da tashoshi, ja kuma ita ke zuwa ACC don rediyo ya mutu idan ka zare makulli. Masu gaggawa sai su murɗe su wuri guda su jona a batir, rediyo ya kwana a farke. Ita ma amfilifaya tana da siririyar shuɗiyar waya da ke ba ta umarnin kunnawa da kashewa. In aka jona ta a wuta mai zama, amfilifayar ba ta taɓa barci, tana tsotsar batir dare da rana ko da ba ka jin sauti. Yau da dare, bayan ka kashe mota ka zare makulli, ka buɗe but ka leƙa jikin amfilifayar. Idan ƙaramar fitilarta na ci, ka kama ɓarawon. Don ƙarin tabbaci, mai wayarin da ya san aikinsa zai sa mita tsakanin kan batir na debewa, mai alamar (−), da wayarsa, mota a kashe, ƙofofi a rufe, ya jira 'yan mintuna komai ya kwanta. Abin da ya kamata ya gani bai wuce miliamfiya 50 ba. In ya haura sosai, sai ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi.

Shi kansa batirin a auna shi. Wanda ya cika, bayan ya huta na wasu awanni, yana nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2 yana wajen rabi, ƙasa da 12 kuwa ya sauka sosai. Inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. Mu a nan zafi ne babban maƙiyin batir. Zafin Afrilu da Mayu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, da ke haura digiri 40, ga na inji a ƙarƙashin bonet, shi ke ƙafar da ruwansa yana cin farantan ciki, sai sanyin safiyar hunturu ya zo ya tona asirinsa. Batirin da ya haura shekara 2 a wannan yanayin, lambar da ke rubuce a jikinsa ba ita ce a cikinsa ba. Idan ka ga farin gari ya taru a kan batir, ka kashe mota, ka kwance kan debewa tukuna, ka wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa ko bekin soda a ciki, ka kiyaye kada ya shiga ramukan batirin, ka goge, ka ɗaure da kyau. Sau da yawa sakwarkwacewar kai kawai ke hana mota tashi.

Yanzu ga yadda ake jonin tayarwa, kuma ina roƙonka ka sayi wayar jona batir ka ajiye a but. Wajen saye kada kaurin roba ya ruɗe ka. Ka ja robar baya a gindin bakin kamun ka ga tagullar da ke ciki, ka kuma ɗaga ka ji nauyinta. Na taɓa ganin wata mai kaurin yatsa, amma zaren cikinta bai kai tsinken tsintsiya uku ba, ana murza makulli ta ɗau zafi tana hayaƙi.

A matso da motar mai taimako kusa, amma kada jikinsu ya taɓa juna. A kashe duka biyun, a ja birkin hannu, a kashe rediyo da amfilifaya da fitilu da AC. Ka dubi alamar tarawa da ta debewa a jikin batirin da idonka, da tocila in dare ne. Kada ka dogara da launin waya, don an sha canza wa motocinmu kai da duk wayar da aka samu. Jan baki na farko ya kama tarawa na mataccen batir, ɗaya jan ya kama tarawa na mai rai. Baƙin baki ya kama debewa na mai rai. Na ƙarshen, ɗaya baƙin, kada ka sa shi a kan mataccen batir. Ka nemi tsiraren ƙarfe marar fenti a jikin injin motarka, nesa da batir da bel da fanka, ka maƙala a can. Jonin ƙarshe shi ke yin tartsatsi, batir kuma yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, ga ruwan asid a ciki. Don haka ba a sunkuyar da fuska a kansa, ba a shan taba a wurin, kuma a cire agogon ƙarfe da zobe.

Sai mai taimako ya tayar da tasa, a bar ta tana aiki kamar minti 5 kafin ka taɓa makulli. Wannan haƙurin shi mutane suka fi rasawa, alhali shi ke ba mataccen batir ɗan numfashi. Ka murza, kada ka wuce daƙiƙa 5 zuwa 10. In ta ƙi, ka jira minti ɗaya, ka motsa bakunan su ciji ƙarfe sosai, ka sake. Sau uku ko huɗu ba ta tashi ba, a dakata, matsalar ta wuce batir, kada a ƙona kik a banza. In ta tashi, a kwance daga ƙarshe zuwa farko: baƙin jikin inji, baƙin mai rai, jan mai rai, sannan jan naka, ba tare da bakunan sun haɗu ba.

Abu uku ne ba na sassauci a kansu. Juya waya, tarawa a kan debewa, ko na daƙiƙa ɗaya ne, yana ƙona babban fiyus, wani lokaci har altaneta da ƙwaƙwalwa. Tirela da manyan motoci yawancinsu bolt 24 ne, batir biyu aka jera, don haka kada a jona maka daga duka biyun don a ce ya fi ƙarfi. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba a jona shi sam, canza shi ake yi. Masu kifa batir a kan batir, ko haɗa kawunan da sifana biyu, su ma ka ba su haƙuri. Turi kuwa na mai kuloci ne, a giya ta 2, kuma sai da ɗan sauran wutar da za ta tayar da famfon mai. In taka otomatik ce, kada ka wahalar da jama'a.

Bayan ta tashi kada ka ɗauka batir ya cika. Ka yi tafiyar aƙalla minti 30 ufa a kashe. Barin inji na silo, mota a tsaye a ƙofar gida, ba ya wani caji. Batirin da ya faɗi warwas gara a kai wa mai caji ya cika shi a hankali, don batirin mota ba irin na sola ba ne da aka yi don a riƙa sauke shi sosai. Duk faɗuwa ɗaya tana rage masa kwana, musamman in ya kwana biyu a haka.

Ga masu Honda da ke karantawa, akwai ƙarin dalilin da zai sa a fi son waya a kan cire batir. EOD da ire-irenta, da zarar wuta ta yanke wa rediyo sai ya rubuta CODE, ba zai sake magana ba sai an shigar da lambobi 5 nasa. In aka yi kuskure sau 10, sai an bar shi a kunne awa guda kafin a sake gwadawa. Yawancin motocin da ake shigo mana da su katin lambar ya ɓace, sai dai wani lokaci a samu an manna ta a cikin aljihun dashbod. Ni sai da na yi mako ina tuƙi shiru kafin na samo tawa. Wanda ya san tasa ya rubuta ya adana tun yau.

Kai kuwa, tunda an riga an zare maka batir inji na aiki, ka je a sa mita a auna cajin altaneta cikin makon nan, AC da fitilu a kunne, ko da ba ka ga jar fitila ba. A zama ɗaya a duba maka jar waya da ruwan ɗorawa da shuɗiyar nan, a kuma tabbatar akwai fiyus a kan babbar wayar amfilifaya dab da batir, don wayar da ta ratsa ƙarƙashin kafet har but babu fiyus, in ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce. In ka samu lambobin da mita ta nuna, mota a kashe da kuma a kunne, ka turo mu duba tare. Allah ya tsare hanya.