Hukuncin goron Salla da kyautar hutu da iyaye ke kai wa malaman lise

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Yamai ne, ina cikin kwamitin iyayen yara na wata lise, wato babbar makarantar sakandare. Ɗana yana aji na biyu, baɗi zai shiga tarminal, ajin ƙarshe. Bana Sallar Layya za ta riga jarrabawar ƙarshen shekara, sai wasu iyaye suka kawo shawara kowane ɗalibi ya ba da dala ɗari, wato 500 F. Su 60 ne a ajin, za a haɗa jaka talatin a sayo wa malamansu shadda da atamfa a matsayin barka da Salla, shugaban aji kuma zai rubuta sunayen waɗanda suka biya. Ni ma a karan kaina ina son aika wa malamin lissafi cinyar rago, don ya yi ɗawainiya da yarona ƙwarai. Wani ya ce mini toshiyar baki ce, wani ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ina gaskiyar take? Mai gadi da mai shara fa, su ma haka ne?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, mutanen nan biyu kowannensu da nassi a hannunsa, abin da ya rage shi ne a ajiye kowane nassi a muhallinsa.

Godiya ga wanda ya yi maka alheri addini ce. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah. A hadisin Ibnu Umar an ce wanda ya yi muku alheri ku saka masa, in ba ku samu abin sakawa ba ku yi ta yi masa addu'a har ku ga kun biya shi. Malamin da ya shekara yana shaƙar ƙurar alli a aji mai yara 60, cikin zafin watan Afrilu na Yamai, ba ya bukatar a kafa hujja kafin a yarda ya cancanci godiya.

Sai dai akwai wani nassin da ya keɓe wanda aka ɗora wa aiki. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Humaid As-Sa'idi cewa Annabi (SAW) ya aiki wani mutumin ƙabilar Azdu, ana ce masa Ibnul Lutbiyya, karɓo zakka. Da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi ya zauna a gidan ubansa da uwarsa, ya gani ko za a kawo masa kyautar? Ya kuma yi gargaɗi cewa duk wanda ya karɓi irin wannan zai zo da shi a wuyansa ranar alƙiyama, ko raƙumi mai kuka, ko saniya, ko tunkiya. A ruwayar Abu Dawuda daga Buraida kuwa, wanda aka ba aiki aka yanka masa albashi, abin da ya karɓa bayan wannan ha'inci ne. Umar ɗan Abdul'aziz ya ce kyauta a zamanin Manzon Allah kyauta ce, amma yau ta zama rashawa, kuma Buhari ya kawo maganar tasa.

To ma'aunin yana cikin tambayar da Annabi ya yi. Da wannan malamin ba shi ke riƙe da makin ɗanka ba, cinyar ragon za ta tashi daga unguwar Bukoki ta haye gada zuwa unguwar Harobanda ta same shi?

Wani zai ce malamin makaranta ba alƙali ba ne, ba kuma mai karɓar zakka ba. Amma a duba abin da ke hannunsa. Shi ke ba da makin ƙananan gwaje-gwaje, shi ke gyara takardun jarrabawa, kuma da shi ake zaman malamai na ƙarshen shekara inda ake yanke wa zai wuce, wa zai maimaita aji, wa za a sallama. Ana lissafin maki a kan 20, tsakanin 9,5 da 10 rabin maki ne kawai, kuma a darasi mai nauyi irin lissafi a sashen kimiyya na C ko D wannan rabin yana iya ɗaga yaro ko ya kayar da shi. Maki shaida ce, shaida kuwa amana ce. Ba lallai malamin ya yi niyyar zalunci ba. Zuciya ce ke karkata ga wanda ya kyautata mata ba tare da ta yi shawara da mai ita ba, sai a ga alƙalami ya yi sassauci a takarda ɗaya ya tsananta a ta kusa da ita. Hausawa sun riga sun faɗa, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ake cuta a nan shi ne ɗan talakan da ke zaune a benci ɗaya da ɗanka, wanda gidansu ko layyar ba a yi ba.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi magana a kan wannan tun da daɗewa. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya kawo a littafinsa na ladubban malamai cewa ba a tilasta wa iyaye ba da kyautar Idi, kuma bai halatta malami ya ɗora wa yara wani abu a kan ladan da aka yi yarjejeniya ba. In ya roƙa suka kawo saboda roƙon, haramun ne, in kuwa sun kawo don ra'ayin kansu, babu laifi. Da wannan ne wasu malamai ke sassauta ƙaramar kyautar da ba a nema ba. Amma a lura, malamin da ake magana a kansa iyaye ne suka ɗauke shi, su ke biyansa, kyautar daga mai aikin take fitowa, kuma ba ya ba da takardar da za ta fifita wani yaro a kan wani. Malamin lise gwamnati ce ke biyansa ko mai makaranta, kuma alƙalaminsa yana hukunci tsakanin yara. Saboda haka ya fi kusa da waɗanda Shehu Halil ya ambata a Muhtasar, inda ya haramta kyautar wanda ake bi bashi ga mai binsa, da kyauta ga mai faɗa a ji da alƙali, sai fa in an saba yin irinta tun kafin nan, ko wani sabon dalili ya taso kamar surukuta ko maƙwabtaka.

Abin da na rinjayar ke nan: muddin makin ɗanka yana hannun malami, bai halatta ka keɓe shi da kyauta mai daraja ba, shi ma bai halatta ya karɓa ba. In an yi da nufin a ƙara maki ko a rufe ido a kan laifi, rashawa ce tsantsa, kuma an la'anci mai bayarwa da mai karɓa a hadisin Abdullahi ɗan Amru. In babu wannan nufin, ana hanawa ne don toshe ƙofa.

Game da cinyar rago, in malamin maƙwabcinka ne ko ɗan'uwa, kana aika masa nama kowace Layya tun kafin yaron ya shiga ajinsa, ci gaba da aikawa gwargwadon abin da ka saba. Kada kason da ya saba zama ƴan tsoka ya rikiɗe ya zama cinya bana. In babu wannan sabo, ka dakata. Abin da ya ƙara nauyin lamarin shi ne a waɗannan shekarun Layya tana faɗowa dab da jarrabawar ƙarshe, lokacin da zargi ya fi ƙarfi.

Yaushe ƙofar ke buɗewa? Mutane da yawa suna ɗauka da zarar an raba takardun sakamako an tafi babban hutu shi ke nan. Ba kullum ba. Malamin lissafin aji na biyu sau da yawa shi ne zai karɓi yaran a tarminal idan an koma a watan Oktoba, kyautar Yuli sai ta zama kafin alƙalami. Lokacin da babu shakka a cikinsa shi ne bayan sakamakon BAC, jarrabawar kammala lise, ya fito yaron ya bar makarantar, ko an yi wa malamin canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, da sharaɗin ba ka da wani ɗa ko ƙane a hannunsa, kuma ba a yi masa alkawarin kyautar tun da farko ba. A nan ko rago sukutum ka kai masa ka yi abin lada.

In kuwa abin da ke damunka halin da malamin ke ciki ne, musamman ƴan kwantaragi da albashinsu bai taka kara ya karya ba kuma yakan makara, akwai hanya. Ka ba wani amintacce wanda ba shi da ɗa a makarantar, kamar limamin unguwarsu, ya kai masa ba tare da ambaton sunanka ba, kuma kada ka gaya wa yaron. In bai san hannun da ya bayar ba, babu inda zuciyarsa za ta karkata.

Karo-karon dala ɗari, a yadda kuka tsara shi, bai halatta ba, kuma babbar matsalarsa takardar sunaye ce. An yanka adadi, an ba yaro ya bi ƴan'uwansa yana karɓa, an rubuta wanda ya biya, ke nan an rubuta wanda bai biya ba. Uwar da ke sayar da ƙosai za ta ciro kuɗin ne don kada a nuna ɗanta da baki, alhali dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Takardar kuma ba ta ɓoyuwa, ko ba jima ko ba daɗe za ta kai ɗakin malamai.

Gyaransa ba shi da wuya. A soke adadin, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa ko ya bari. Manya biyu daga cikin kwamiti su karɓa, ba ɗalibi ba, a rubuta jimillar kuɗi kawai. A sanar da shugaban makaranta tun kafin a fara, domin a hadisin Adiyyu ɗan Amira da Muslim ya ruwaito an ce ma'aikaci ya kawo kaɗan da mai yawa, abin da aka ba shi ya karɓa, abin da aka hana shi ya bari. A jinkirta har sai an rufe maki an raba sakamako. Sannan abin da aka saya ya zama na kowa: fanka ko randar ruwan sanyi a ɗakin malamai, gyaran allo da bencina, ko walima guda da za ta haɗa ma'aikata duka. Jaka talatin in aka raba wa malaman aji ɗaya ba za ta ɗinka wa kowa riga ba, sai dai ta bar malaman sauran azuzuwa suna kallo, amma tana sayen fanka.

Mai gadi da mai shara da ɗan aike ba su riƙe da maki, don haka naman layya da goron Salla da sadaka duk sun halatta a ba su, har zakkar fid da kai in Musulmi ne mabukata, kuma su ne aka fi mantawa da su. Sharaɗi ɗaya ne, kada ya zama kuɗin buɗe ƙofa ga mai makara ko mai tsallake darasi. Amma sakataren da ke shigar da maki a kwamfuta, da mai kula da tarbiyya da ke rubuta fashi da makin ɗa'a, hukuncinsu na malamin aji ne.

Malamin da kyauta ta riga ta shiga gidansa ya mayar da ita cikin lafazi mai daɗi. In nama ne an riga an ci, ya biya kimarsa, in mayarwar ta gagara ya sanar da shugabansa a sa abin a amfanin makaranta. Ya kuma sake duba takardar yaron da idon da ya duba ta sauran.

Akwai kuma wani abu da ya riga kowace kyauta. A makarantun kuɗi iyaye da dama suna tafiya hutu da bashin kason ƙarshe na kuɗin makaranta a kansu, malaman da ake biya da awa kuwa ba su da komai daga Yuli har a koma. Jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Wanda makaranta ke bi jaka ashirin ya biya su kafin ya tambayi kuɗin shadda.

Abin da za ka iya yi yau ba tare da jiran komai ba: ka taka da ƙafarka ka gaishe da malamin lissafin, ka ce masa jazakallahu hairan, domin a hadisin Usama ɗan Zaid da Tirmizi ya ruwaito wanda ya faɗi haka ya kai matuƙa wajen yabo. Ka ambaci takamaiman abin da ya yi wa yaron, ka rubuta wa shugaban makaranta takardar yabonsa, ka sa shi a addu'a. Yaron kuma ya mayar da littattafan da ya ara, ya yi aikin hutun da aka ba shi, ya je gaisuwar Salla hannu wofi ba tare da jin kunya ba. Malamin da ba Musulmi ba, kamar waɗanda ke zuwa daga Benin da Togo suna koyarwa a makarantun Yamai, shi ma ana gode masa ana kyautata masa bisa aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, da sharuɗɗan da suka gabata, sai dai malamanmu sun karhanta a ɗaura kyautar a kan bikin addininsa, don haka kada a saita ta da hutun ƙarshen Disamba da sunan bikin.

Wallahu a'alam.