Amsa ga ƙanwata mai tambayar mastas ɗin Turanci

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata da kika yi tambaya jiya da daddare, wallahi sau uku na karanta, ji na yi kamar ni ce na rubuta shekarun baya. Kin ce kina da B.A. English da 2.2, kina koyarwa a ƙaramar sikandiren garinku a ƙarƙashin J-Teach, shirin malaman wucin gadi na jihar Jigawa, kina so ki sayi fom ɗin mastas amma lissafinki na WAEC D7 ne, kuma kin rasa wanne za ki yi tsakanin M.A., mastas ɗin Turanci zalla, da M.Ed., mastas ɗin ilimin koyarwa. Na ga wasu sun ce miki ki saya kawai Allah zai dafa. Allah zai dafa kam, amma ni da na shiga na fito ba zan iya ce miki haka in ja bakina in yi shiru ba.

Maganar 2.2 ki kwantar da hankalinki, tana shiga, ni ma da ita na shiga. Ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema a mastas na bincike, sai dai idan masu nema sun yi yawa masu 2.1 ake fara ɗiba, wani sashen kuma sai ya yi muku jarrabawa kafin a fitar da suna. Mai tad kilas ne dole sai ya bi ta PGD, wato difloma ta gaba da digiri. Abin da ya tsaya min a rai a rubutunki D7 ɗin nan ce. Yawancin makarantun gaba da digiri yanzu kiredit biyar suke nema har da Turanci da lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba, mu 'yan Turanci kuma ana duba Literature. Na ga wata baiwar Allah da idona a wajen tantancewa, ta biya kuɗi ta Remita, sunanta ya fito, ta zo da murnarta, aka mayar da ita gida saboda lissafi. Don Allah kar ki ji kunya, ki yi rajistar WAEC ko NECO ta 'yan waje wadda ake yi ƙarshen shekara, ki roƙi malamin lissafin makarantarku ya riƙa zama da ke bayan an tashi, ki gyara abinki. Idan kin haɗa da ta da, zama biyu kenan.

Sai takardar bautar ƙasa, ko ta gamawa ko ta ɗaukewa, idan ba ta, ba magana. Sai taranskirif, wato takardar makin digirinki, wannan kuma tun yau ki fara bibiya, don ba a hannu ake ba ki ba, makarantarki ce za ta aika wa makarantar da kike nema, kuma yana cin lokaci. Ki duba sunanki a kowace takarda, idan WAEC ta rubuta shi daban da na digiri ki je kotu ki yi takardar rantsuwa tun da wuri. Za a ce ki ba da sunan malaman da za su yi miki shaida, ki kira su ki sanar da su tukuna, kar su ji daga sama.

To yanzu wanda ya fi damuna, M.A. ko M.Ed. Ƙanwata ki zauna ki tambayi kanki ina kike son zuwa. Ni kuskuren da na yi kenan. B.A. ɗinmu ba takardar koyarwa ba ce a ido na doka, ko da kin fi kowa Turanci a ƙaramar hukumarku. Mai NCE malami ne a takarda, mai B.A. Ed malami ne, ke da ni sai mun yi PGDE, wato diflomar koyarwa ta gaba da digiri, sannan mu zauna jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, a ba mu lasisi. Ni na tsallake wannan na faɗa M.A., ina tsakiyar wahala aka zo tantance malamai, abin da aka fara tambayata takardar koyarwa, ba wanda ya ce ina mastas. Dole daga baya na koma na yi PGDE ɗin ta NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, Asabar da Lahadi. Idan burinki a tabbatar da ke a aiki ki ci gaba da aji, PGDE za ki fara, ta fi araha ta fi sauri, kuma ita ce ma ƙofar M.Ed ga wanda bai karanta ilimin koyarwa a digirin farko ba. Idan kuma burinki ki zama lakcara a sashen Turanci, ko ki wuce Ph.D, to M.A. ce hanyarki, ki kuma sani sakamako ake dubawa, jami'o'i da yawa matsakaicin maki (CGPA) 3.5 zuwa sama suke nema kafin su ba ki Ph.D, wasu ma 4.0. Ko kwalejin ilimi irin ta Gumel kike hari, takardar koyarwar nan za ta biyo ki.

Kuma kar ki ɗauka M.A. za ta koya miki yadda za ki yi da yaron JSS 2 da bai iya haɗa baƙi ba. Ba ta koyarwa. Idan ɓangaren harshe kika ɗauka, fonoloji ne da sintaks da simantiks da nazarin zance da hanyoyin bincike, yau Chomsky gobe Halliday, idan adabi ne kuma ra'o'in nazari ne da karatu ba iyaka. Makin ci 50 ne ba 40 ba. Ni dai fonoloji ce ta amfane ni a aji, don a nan na gane dalilin da ya sa yaranmu ke cewa fan a maimakon pan, Hausa ba ta raba sautukan biyu ba, ba daƙiƙanci ba ne, tun daga nan na daina yi musu tsawa, kuma ta taimaka min wajen shirya 'yan SS 3 a takardar furuci ta WAEC. Amma dabarun koyarwa a tsangayar ilimi suke.

Karatun aji bai ba ni wahala sosai ba duk da nisa, shekara ɗaya na gama ba kari-oba. Wahalar daga rubutu ta fara, kuma wannan babu shi a cikin sharuɗɗan da ake bugawa a fom. Ba zan faɗi jami'ar ba, ba zan faɗi sunan mutumin ba, Allah ya san shi. Aikina a kan kurakuran da 'yan SS 2 ke yi a rubutun insha'i ne, makarantu uku a yankinmu na Ringim, ni na bi su da ƙafata da acaɓa na tattaro rubutun yaran. Na kai wa sufabaiza, malamin da ke duba aikina, cafta ɗaya zuwa uku. Wata bakwai ƙanwata. Wata bakwai ina zarya, duk bayan sati biyu, mota biyu nake hawa kafin in isa, kuɗin buga takardu da na mota sai da suka cinye min awaki biyu da buhun riɗin da maigidana ya ajiye don kakar gaba. Kullum maganar ɗaya ce, ki dawo wani satin.

Ranar da ba zan manta ba da damina ce, ruwa ya cinye hanyar garinmu, ɗan acaɓa ya sauke ni na tattare zani na ratsa ruwa da goyon wata huɗu a bayana, don shi da bakinsa ya ce min a waya in zo ƙarfe goma. Tara da rabi ina ƙofar ofishinsa. Na zauna a benci har azahar, na je na yi salla na dawo, yarinya ta yi kuka har muryarta ta dishe, ina jin kunyar shayar da ita a gaban mutane sai in zagaya bayan gini. Ya shiga ya fita ya fi sau biyar, ina gaishe shi ko kallo. Sai bayan la'asar ya ce in shigo, akwai ɗalibai uku a ciki da wani abokinsa. Ya ce wace ce ma ke. Na faɗi sunana. Ya ɗaga takardu ya zaro fayil ɗina daga can ƙasa, wallahi da shatin kofin shayi a bangon, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba. Ya buɗe shafin farko a gabansu, ya zagaye jimla ɗaya da jan biro, ya karanta ta da ƙarfi, ya ce wai wannan ce malamar Turanci, shi ya sa yaran ƙauye ba sa cin jarrabawa. Sannan ya kalli goyona ya ce ke da kike fama da raino me ya kai ki mastas, ki koma gida mana. Abokin nan nasa ya yi dariya. Ban ce komai ba, na durƙusa na ɗauki fayil ɗin daga inda ya tura shi, na ce na gode Malam. Na gode na ce masa! Har yau idan na tuna wannan na gode ɗin sai zuciyata ta yi zafi. Na je masallacin mata na kifa kai na yi kuka mai isata, kafin in fito motar garinmu ta ƙarshe ta tafi, a gidan wata 'yar ƙanwar babata na kwana ba ko kayan canji na yarinya. Jimlar da ya zagaye ɗin ma na nuna wa malamai biyu daga baya, ba wanda ya ga kuskure a cikinta.

Bai tsaya nan ba. Bayan wata biyu ya ce in canza ra'in da na ɗora aikin a kai gaba ɗaya, na canza, na kawo, sai na ji a bakin ɗalibai wai ya tafi hutun shekara a wata jami'a, ko saƙo bai turo min ba. Ga yajin aikin ASUU, na 2020 ya haɗu da korona ya cinye kusan shekarar, na 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Karatun da aka ce shekara biyu sai da ya kai ni huɗu da ɗoriya, kuma duk sabon zango sai kin sake biyan rajista, sannan akwai iyakar semistocin da idan kin wuce sai kin nemi ƙari a rubuce ko a cire sunanki. Ana cewa in yafe masa, ina ƙoƙari, Allah ya gani ina ƙoƙari.

Abin da ya cece ni, wata 'yar ajinmu ce ta ce min ki daina kuka ki rubuta takarda. Na rubuta wa kodinetan karatun gaba da digiri na sashen, cikin ladabi, ba zagi ba ƙara, na jera ranakun da na kai aiki da ranakun da na zo. Aka canza min wata malama, Allah ya saka mata da alheri ya jiƙan iyayenta, ita ta WhatsApp ma take karɓar cafta ta gyara ta dawo min da shi, sai idan ya zama dole take cewa in zo. Cikin wata biyar na yi difens na cikin gida, wato na kare aikina, aka duba aikin a Turnitin mai gano satar rubutu, ekstanal, wato mai jarrabawa daga wata jami'a, ya zo aka gama. Da na san haka tun wata na uku zan rubuta. Don haka ki sayi ɗan littafi, duk ranar da kika kai aiki ki rubuta kwanan wata, ki ajiye kwafi a filash da imel ɗinki, kar ki taɓa ba da kwafi ɗaya tilo. Kafin ma ki sayi fom, ko BUK ce ko ABU ko ina, ki nemi waɗanda ke ciki yanzu ki tambaye su shekara nawa mutane ke yi kafin su fita a wannan sashen, su za su gaya miki abin da ba a rubuta ba.

Sannan gida. Ba ki faɗa ba ko kina da aure, idan kina da shi ki zaunar da maigida ki gaya masa gaskiyar kuɗin da lokacin, kar ki ce masa shekara ɗaya da rabi ne. Ni nawa ya tsaya min, amma surutun gari sai da ya kusa karya shi, wai matarsa kullum tana tasha, uwar mijina ma sai da ta daina amsa gaisuwata na ɗan lokaci. Kuma ki samu izini a rubuce daga wajen aiki, kar ki dogara da fahimtar baki tsakaninki da firinsifal, ana canza shi magana ta canza. Ke da ba a tabbatar da ke ba ma sai kin fi kowa taka-tsantsan. Kar wani ya ruɗe ki da tallafin karatu na TETFund, wannan na ma'aikatan manyan makarantu ne, mu na sikandire aljihunmu ne da adashi. Abin da ke ci min rai har yanzu yarana na SS 3 na shekarar nan da nake zarya, ranakun da na bar su ba malami suna da yawa, ni kaɗai ce mai Turanci a makarantar, kuma na san wasunsu da na zauna da sun samu kiredit. Idan ke ma ke kaɗai ce a taku, ki nemo wanda zai riƙe miki aji tun kafin ki fara, ko ɗan bautar ƙasa ne.

Takarduna na fonoloji da na hanyoyin bincike suna nan a akwati, da na PGDE ɗin ma, idan kina so ki yi min magana ta gefe in ba direban motar garinku ya kawo miki. Amma ki fara zuwa kafe ki tambayi yaushe za a buɗe rajistar jarrabawar 'yan waje, lissafin nan shi ne farko.